Kunkuru na Biyu a Gida Ɗaya: Nazarin Shawarar Wani Iyali a Jos

A wani gida da ke ɗaya daga cikin unguwannin gefen hanyar Bauchi a garin Jos, an shafe tun daga ƙarshen damina har hunturu ya kankama ana juya magana guda, wato ko ya dace a karɓi kunkuru na biyu a haɗa shi da wanda yake gidan. Gidan na babban iyali ne. Akwai maigida, ma'aikaci da ya kusa ritaya, da uwargidansa, da mahaifiyarsa wadda kowa ke kira Hajiya, da yara masu tasowa, da jika ɗan shekara uku da ke wuni a gidan. Mafi yawan tsakar gidan an shafe ta da siminti, sai wani ɗan fili ta baya da aka bari da ƙasa, inda bishiyar gwaiba take, inda kuma ake ɗaure awaki biyu da ragon layya. A wannan filin kunkurun gidan yake zaune fiye da shekara 20, tun zamanin marigayi mahaifin maigida, wanda ya zo da shi yana ɗan ƙarami daga wata tafiya da ya yi can arewa.

Maganar ta taso ne daga ƙanin uwargida, wanda yara ke ce wa Kawu. An yi masa canjin wurin aiki zuwa Abuja, gidan hayan da ya samu a Kubwa kuma a saman bene yake, babu ko taki ɗaya na ƙasa da dabba za ta taka. Shi ma yana da kunkurun da ya saya a bakin hanya shekara 7 da suka wuce, lokacin bai fi tafin hannu ba, mai sayarwar kuma ya tabbatar masa cewa mace ce. Da ya zo sallama sai ya ce wa yayarsa: “Yaya, ba ni da inda zan kai ta da ya wuce nan. Kun san kiwonsu, ga naku kuma ya daɗe shi kaɗai, sai ta zame masa abokiyar zama.” Uwargida ta karɓi maganar hannu bibbiyu, domin ta jima tana tausayin kunkurun gidan duk lokacin da ta ga yana zagaye katanga da yamma, tana ɗaukar hakan alamar kaɗaici. Hajiya ta goyi baya ta fuskar zumunci, ta ce ba a mayar da hannun kyauta baya, balle daga dangin surukarta. Yara kuwa ƙwai da 'ya'yan kunkuru suke hange. Maigida ne kaɗai ya ja da baya, shi ma ba don ya san halin dabbar ba, sai don ya gaji da cike ramin da kunkurun ke haƙawa a gindin katanga, yana tunanin abin da biyu za su yi wa harsashin ginin.

Babu wanda ya fara tambayar wane irin kunkuru ake magana a kai, alhali daga nan komai ya rataya. A gidajen arewacin Najeriya akan ga iri biyu da bukatunsu suka yi hannun riga. Akwai ƙarami, wanda masana ke sa wa a jinsin Kinixys, mai gaɓa a bayan ƙoƙonsa da yake rufe ƙafafun baya da ita. Tsawonsa bai cika wuce santimita 20 da wani abu ba, yana son inuwa da laima, yana cin dodon-koɗi da tsutsa da 'ya'yan itace da suka faɗo. Akwai kuma babba mai tsinaye a bayan cinya, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata, ɗan asalin Sahel, daga Senegal da Mauritaniya, ta Mali da Nijar da Chadi, har Sudan da Habasha da Eritiriya. Shi ne na uku a girma a duniya bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra, kuma a cikin waɗanda ba a tsibiri suke ba babu wanda ya kai shi. Namiji kan wuce kilo 50 idan ya riƙa, wasu har su tasam ma kilo 100. Na gidan da na Kawu duka wannan babban irin ne, abin da ke nufin cewa na Kawu, da ake ɗauka a kwando da hannu biyu, bai ma yi rabin tafiyarsa ta girma ba.

Hujjar kaɗaici ita ta fi ƙarfi a zuciyar mutanen gidan, kuma ita ce mafi rauni idan aka gwada ta da halin dabbar. Uwar kunkuru haƙa rami take ta zuba ƙwai, ta rufe da ƙasa ta yi tafiyarta. Ranar da 'ya'yan suka fito babu uwa babu uba, kowanne yana neman ciyawarsa da mafakarsa shi kaɗai. Manya kuma a daji ba garke suke yi ba, galibi lokacin barbara ne ke haɗa namiji da mace, daga nan kowa ya kama gabansa. Zagayen katangar da uwargida take gani yana da dalilai nasa: dabba ce da aka halitta ta yi tafiya mai nisa tana kiwo, filin da aka ba ta kuma ya yi mata kaɗan, sannan lokacin da damina ke ɗaukewa shi ne lokacin da maza ke tashi neman mata, su kasa zama wuri ɗaya. Tausayin uwargida na gaskiya ne, kuma ta ga daidai da ta lura cewa wani abu na damun kunkurun. Inda ta kuskure shi ne da ta auna shi da ma'aunin ɗan Adam, ko na akuya da ke kuka idan an raba ta da 'yar'uwarta.

Da maigida ya kawo tsoron kada su yi faɗa, Hajiya ta kashe maganar da cewa: “Kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa. Da me za su yi faɗan?” Aka tsayar da cewa Kawu ya kawo nasa a gwada su na yini ɗaya don su saba. Ya zo da shi wata ranar Asabar da hantsi, aka sauke shi a gindin gwaiba, yara suka kewaye. Baƙon ya fara tsinkar ciyawa. Na gidan, da yake kwance a bakin raminsa yana shan rana, ya miƙe a kan ƙafafunsa huɗu har cikinsa ya bar ƙasa, ya miƙo wuya, ya taho da saurin da babu wanda ya taɓa ganin ya yi. Da ya iso sai ya janye kai ciki ya buga gaban ƙoƙonsa a gefen baƙon, ƙarar ta kai har zaure. Ya ja baya ya sake bugawa, a na ukun ya cusa ɗan ƙahon nan mai baki biyu da ke fitowa a ƙarƙashin wuyansa a gefen ƙoƙon baƙon, ya ɗaga shi ya kifar a jikin katanga. Baƙon ya kwanta rigingine yana harba ƙafafu a iska, ya saki fitsari mai yawa, na gidan kuma bai fasa turawa ba sai da babban yaron gidan da Kawu suka haɗu suka ja shi da ƙyar.

Abin ya zo da sauƙi ne kawai don akwai mutane a wurin. Huhun kunkuru a sama yake, a manne da ƙoƙon baya, saboda haka idan ya kife kayan cikinsa kan danne shi numfashi ya yi wuya. Idan a rana ya kife, ba shi da hanyar gudu zuwa inuwa, zafi na iya kashe shi cikin sa'o'i kaɗan. Fitsarin da ya saki kuma ruwan ajiyarsa ne, wanda dabbar Sahel ke tanada don lokacin rani. A gidan da kowa ke fita aiki da makaranta da safe, irin wannan kifewar sau ɗaya ta isa.

Bayan wannan ne maigida ya nemo likitan dabbobi. A wannan fanni mutanen Jos suna da sa'a, domin ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tun 1924, ga kuma tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Jos, don haka samun wanda zai duba dabba ya kai kashinta ɗakin gwaji ba abu ne mai wuya ba. Likitan ya sa aka ɗan karkata kowanne a hankali ba tare da an kifar da shi ba. Ƙoƙon cikin na gidan ya lotsa sosai a tsakiya, wutsiyarsa doguwa ce mai kauri, a naɗe gefe guda. Na Kawu ma cikinsa ya fara lotsawa, wutsiyar ta fara tsawo, ƙahon ƙarƙashin wuya ya fara fitowa. Ya ce: “Alhaji, duka biyun maza ne. Wanda ya sayar da wannan ba shi da yadda zai sani, domin suna ƙanana duk kamar mata suke, sai ƙoƙo ya kai wajen santimita 30 ko fiye alamun namiji ke bayyana. Yau babban ne ya kifar da ƙaramin. Nan da wasu shekaru ƙaramin zai kamo shi, faɗan kuma ba zai ƙare ba, don babu inda wanda aka kayar zai gudu.”

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta bambanta daji da tsakar gida. A daji maza biyu kan gwabza, wanda ya ji jiki ya bar wurin. A cikin katanga kuwa kullum yana ganin wanda ya fi ƙarfinsa, sai ya daina fitowa shan rana, ya rage cin abinci, ya lafe a lungu yana ramewa a cikin ƙoƙonsa ba tare da kowa ya lura ba, har ciwo ya same shi.

Uwargida ta tambaya ko da mace ce da an zauna lafiya. Amsar ba ta yi mata daɗi ba. Namiji ɗaya da mace ɗaya a ƙaramin fili wahala ce ga macen, domin zai yi ta bin ta yana bugu yana hawa ba hutu, har ya ji mata ciwo a ƙoƙo da ƙafafu. Idan ta ɗauka kuma, takan zuba ƙwai 15 zuwa 30 a rami guda, tana iya maimaitawa fiye da sau ɗaya a shekara, kuma tana iya ajiye maniyyin namiji a jikinta ta ci gaba da yin ƙwai masu ƙyanƙyashewa shekaru bayan an raba su. Idan ba ta samu ƙasa mai laushi da za ta haƙa ba, ƙwan na iya maƙale mata a ciki, wanda hakan kan kai ga mutuwa. 'Ya'yan da yara ke ɗoki kuwa, kowannensu zai zama irin babban nan da mutum biyu suka ja da ƙyar, kuma kowanne sai an nema masa gida.

Binciken likitan ya fito da wani abin da babu wanda ya kawo a lissafi. A cikin lungun fata mai laushi da ke tsakanin ƙafar baya da ƙoƙon na Kawu, ya zaro kaska uku da suka ƙoshi da jini, ya kuma nuna wa maigida 'yar kumfa da ke fitowa a hancinsa idan ya numfasa. Kaskar tana da muhimmanci a gidan da awaki da rago suke kwana taku kaɗan daga wurin. A shekarar 2000 ƙasar Amurka ta hana shigo da kunkuru iri uku daga Afirka, ciki har da wannan babban da wani daga jinsin Kinixys, saboda kaskar da ake samu a jikinsu na iya ɗaukar ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciyar shanu da tumaki da awaki, ciwon da dama yana nan a ƙasarmu. Kumfar hanci kuma tana iya zama mura ta sanyi, tana kuma iya zama alamar ƙwayoyin cutar numfashi da kunkuru ke ɗauka tsawon rayuwarsa, wani lokaci ba tare da ya nuna komai ba, sai ya shafa wa wanda bai taɓa haɗuwa da su ba. Na gidan ya yi fiye da shekara 20 bai ga ɗan'uwansa ba, saboda haka gwajin ranar Asabar ɗin, ko da ba a yi faɗa ba, ganganci ne da lafiyarsa. Ƙa'idar masu kiwo ita ce a killace baƙo aƙalla wata 3, da yawa ma suna cewa wata 6, da kwanonsa daban da tsintsiyarsa daban, a gwada kashinsa saboda tsutsar ciki, a riƙa fara kula da na gida kafin a je wurin baƙon, a wanke hannu a tsakani.

A nan babban yaron gidan ya kawo shawarar a yi wa baƙon allurar da ake yi wa awaki ta kashe kaska da tsutsa, tunda akwai sauranta a gida. Likitan ya hana da babbar murya, kuma wannan gargaɗi ya cancanci ya isa kunnen duk mai kunkuru: maganin ivermectin, da ake samu a kowane shagon maganin dabbobi, guba ne ga kunkuru, yana shanye masa jiki ya kashe shi ko da kaɗan aka ba shi. Kaska da hannu ake cire ta da ɗan hantsaki, ba a zuba kananzir ko baƙin mai ba. Ya kuma ja hankalinsu ga jikan nan da ke wasa a ƙasa. Kunkuru, ko mai lafiya ne, kan ɗauki ƙwayar salmonela a kashinsa, wadda ke sa zawo da zazzaɓi mai tsanani ga ƙananan yara. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ba su kai inci 4 ba tun 1975, hukumomin lafiya kuma ke ba da shawarar kada yaro ɗan ƙasa da shekara biyar ya riƙa taɓa su. Kunkuru biyu na nufin kashi ninki biyu a filin da yaron ke rarrafe da gudu.

Sai dai a ganina, ko da an kawar da batun faɗa da na cuta, abin da ya fi nauyi a wannan lamari shi ne garin da gidan yake. Jos tana kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200, kuma a watannin Disamba da Janairu sanyin dare kan sauka zuwa wajen digiri 11 a ma'aunin Salshiyas, wasu dararen ma ƙasa da haka. Ruwan sama kuma kan kai kusan milimita 1,400 a shekara, Yuli da Agusta a yi kwanaki ana yayyafi rana ba ta fito sosai ba. Wannan kunkuru ɗan ƙasar zafi da bushewa ne, jikinsa ba ya samar da ɗumin kansa, da rana yake dogara wajen narkar da abinci da yaƙar cuta, kuma ba ya dogon barcin sanyi irin na 'yan'uwansa na Turai. Masu kiwonsa na ba da shawarar kada ya kwana a wurin da ya sauka ƙasa da digiri 15 ko makamancin haka, kuma abin da ya fi yi masa illa shi ne sanyi haɗe da laima, wanda shi ne ainihin Agustan Jos. Daga nan mura ke farawa, ta gangara huhu.

To, yaya na gidan ya rayu shekaru haka? Ramin nan da maigida ke ta cikewa shi ne ya raya shi. A Sahel wannan dabba kan haƙa rami mai tsawon mita da dama don tsere wa zafin rana, ƙasa kuma tana riƙe ɗumi da dare kamar yadda take riƙe sanyi da rana. Kunkurun ya zaɓi gindin katangar da ta haɗu da bayan kicin, inda murhu ke ɗumama bango, inda kuma indararo ba ya zuba. A duk filin wurin nan ɗaya ne mai irin wannan hali, sauran ko dutse ne a ƙasa ko ruwa na kwanciya da damina. Ashe abin da baƙon zai zo ya tarar shi ne mafaka guda da mai ita ba zai bari a raɓa ba. Idan an raba filin biyu, wanda ya faɗa ɓangaren da babu ramin zai kwana a sanyi. Dogaro da ƙwan lantarki mai zafi bai da tabbas a inda ake ɗauke wuta da tsakar dare, sa kurfotin gawayi a rufaffen wuri mai busasshiyar ciyawa kuma haɗari ne na hayaƙi da gobara.

Batun abinci ba shi da tsada a Jos, sai dai arhar ce ke kawo matsala. Kasuwar Farin Gada cike take da kabeji da latas da karas da tumatir, ganyen da aka zubar ma ya ishi kunkuru goma. Da su Kawu ya yi kiwon nasa, haɗe da ayaba da sauran tuwo da wake, kuma sakamakon yana rubuce a bayansa: kowane gida na ƙoƙon ya taso ya yi tsini kamar tudun doya a gona, maimakon ya kwanta sumul. Abin da ke jawo haka shi ne abinci mai gina jiki fiye da kima, da ƙarancin sinadarin ƙashi da hasken rana, da bushewar wurin kwana lokacin ƙuruciya, kuma idan ya riga ya faru ba ya gyaruwa. Irin wannan ci kan kuma wahalar da ƙoda ya tara tsakuwa a mafitsara. Abincinsa na asali ciyawa ce, ɗanya da busasshiya, irin su kirikiri da harkiya da kyasuwa, kayan lambu kuma ɗan ƙari ne kawai. Na gidan ya tsira ne don yana cin ragowar ciyawar awaki. Filin bayan gidan kuwa bai fi girman ɗakuna uku ba, kuma da wuya ciyawa ta tsira a cikinsa ko da baki ɗaya ne ke ci.

Aka zauna lissafin abin da karɓar baƙon za ta ƙunsa idan za a yi ta yadda ya kamata. Sai an ja katangar bulo a tsakiyar filin, ba waya ba, domin muddin suna hango juna za su yi ta turawa har su karya. Sai an nutsa harsashinta cikin ƙasa don kada su haƙa su haɗu ta ƙasa. Sai an gina mafaka ta biyu. Sai an matsar da awaki. Sannan kowanne ya ƙare da rabin filin da tun farko ya yi wa ɗaya kaɗan. Ga kuma shekaru. Wannan dabba kan wuce shekara 70. Alagba, kunkurun fadar Soun, sarkin Ogbomoso, da ya mutu a watan Oktoban 2019, irin wannan ne, kuma ko da yake masana sun yi shakkar shekara 344 da ake danganta masa, babu mai musun cewa ya ga zamani mai tsawo. Na Kawu, mai shekara 7, yana iya riskar tsufan jikan da ke wasa a tsakar gidan yau. Maigida, da shi ma gadon nasa ya yi daga mahaifinsa ba tare da an tambaye shi ba, ya faɗa wa mahaifiyarsa cikin ladabi: “Hajiya, idan na karɓa, ba ni kaɗai na karɓa ba, na ɗora wa yaran nan ne. Kin kuma san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Duk abin da muka kulle a cikin katanga, haƙƙinsa yana wuyanmu.” Wannan magana ce ta sauya ra'ayin Hajiya, domin ta mayar da zancen daga kunyar ƙin kyauta zuwa nauyin amana.

Amma ƙin karɓa bai warware matsalar ba, tunda Kawu zai tafi kuma dabbar na bukatar wuri. An kawo shawarar a kai shi kasuwa a sayar, aka yi watsi da ita, kuma daidai ne. Wannan kunkuru yana raguwa a daji saboda kwararowar hamada, da gasar kiwo da dabbobin gida, da kamun da ake yi masa don sayarwa, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa a 2021. Yana cikin rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya a kan cinikin namun daji da tsirrai, kuma tun shekarar 2000 aka hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don kasuwanci. Najeriya ta kafa dokarta a 1985 a kan cinikin namun dajin da ke cikin haɗari, aka yi mata gyara a 2016, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, NESREA, kuma ke sa ido a kan wannan ciniki. Duk wanda aka saya a bakin hanya yana ƙarfafa mai kamun ya koma ya kamo wani. An kuma kawo shawarar a sake shi a cikin duwatsun bayan gari, wadda ta fi ta farko muni, domin tudun Jos ba mazauninsa ba ne, ga kare ga wutar daji, ga kuma ciwon hancin da zai iya kai wa ƙananan kunkurun da ke wurin. Gandun namun daji na Jos, da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, an ajiye tuntuɓarsa a matsayin mafita ta ƙarshe idan ba a samu gida ba.

Abin da aka tsayar shi ne a karɓi baƙon riƙo na ɗan lokaci, ba zama ba. Aka share garejin da ke gaban gida, nesa da filin baya da awaki, aka shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa, ana fitar da shi rana da hantsi a mayar da shi kafin la'asar ta yi sanyi, likitan kuma ya ci gaba da duba hancinsa, ya ba shi maganin tsutsa da ya dace da shi bayan gwajin kashi. A cikin wannan lokaci maigida ya tuntuɓi wani amininsa, tsohon malamin makaranta, mai gidan gona da katanga a wajen garin Bauchi, wanda tsayinsa kusan rabin na Jos ne, daren hunturunsa kuma bai kai na Jos tsanani ba. Mutumin ba shi da wani kunkurun, yana da fili da ciyawa, ya kuma amince da sharaɗin cewa ba zai sayar ba, idan ya gaza zai dawo da shi. Kawu ya ɗauki nauyin kuɗin mota da na magani. Da kumfar hancin ta ɗauke aka tabbatar babu sauran kaska, aka kai shi.

Kuɗin da aka yi niyyar kashewa a katangar raba fili sai aka juya su ga na gidan. Aka daina cike raminsa, aka ƙarfafa gindin katangar da kankare ta waje, aka gina masa 'yar rumfar bulo a bakin ramin mai daɓe da ya ɗan tashi daga ƙasa, ƙofarta na kallon kudu don ta juya wa iskar hunturu baya ta kuma samu rana, ana rufe ta da buhu da dare. An fasa wani ɓangare na simintin tsakar gida aka shuka kirikiri, aka kuma sa ƙaramar ƙofa da ke hana jikan shiga filin shi kaɗai. Zagayen katangar ya ragu, ko da yake uwargida har yanzu tana cewa a ranta ba ta daina ganin kamar yana neman wani ba. Saboda haɗuwar ranar Asabar ɗin, likitan ya ce a ci gaba da lura da hancinsa da idanunsa da yawan cinsa har bayan sanyi, za a kuma sake auna nauyinsa a gwada kashinsa a farkon damina.